Hannun Atu Mai Man Kaɗe

Duk wanda ya zauna Tambuwal kafin mulkin kai ya ce bai san Atu mai man kaɗe ba, ƙarya yake yi, ko kuwa bai taɓa shiga kasuwa ba. 'Yar Kebbe ce. Aure ya kawo ta, mijin ya rasu bayan shekara shida, ta ƙi komawa gida, ta ƙi sake aure, ta zauna a ɗan gidanta na bayan marina tana sana'arta. Gajera ce, baƙa, ga dantse kamar na maƙeri, ga faɗa. Kai, faɗa! Da idona na ga ranar da ta kife wa wani ɗan koli ƙwaryar ruwan tsami a ka don ya tsoma yatsa cikin manta bai wanke hannu ba. Na ga ta bi wani mai jaki da muciya tun daga rumfarta har bakin kasuwa, yana gudu yana riƙe da wando.

Amma manta babu irinsa. Masu jakuna ke kawo mata ƙwarar kaɗe daga dajin Kebbe, ta shanya, ta soya, ta daka, ta niƙa, sannan ta zauna tana bugun ƙullin da hannun dama tun hantsi har man ya taso fari. Kuma ba ta sayar maka ka tafi salin alin, sai ka sha karatu. Mai faso, manomin da gumi ya goge wa cinya, mai jegon da kan nononta ya tsage, kowa da nasa faɗan. In jariri ne gindinsa ya yi ja saboda fitsari da kashi, cewa take a wanke da ruwan ɗumi, a bari ya sha iska ya bushe sarai, a shafa man da kauri ba murzawa, a kuma canza tsumma da zarar ya jiƙe. "Tarewa man shika yi," in ji ta. "In ya tare fitsari, jiki shi gyara kainai." In kuwa ta ga miki da mugunya, disfensari take kora mutum. Malamin can yana da nasa farin man a gwangwani, ta ce aikinsu ɗaya, nata dai ya fi ƙamshi.

Ni Zahara'u, abin da ya haɗa ni da ita ya faru ne a ƙarshen daminar da aka ɗaga sabuwar tuta, 'yan makaranta na ta waƙa a gari. Ina da ɗiyar fari, Fatima, wata bakwai. To, a wurinmu uwa ba ta nuna ta san ɗan fari. Ba ki kiran sunanta, ba ki yi mata wasa, ba ki dubanta a gaban surukai. In nono take so, a miƙo miki ita kina kallon bango. Wuninta duk a bayan uwar mijina take yi, wadda muke kira Inna, ɗaure cikin zane ɗaya, ta yi fitsari ya bushe, ta sake yi ya bushe.

Da haƙori ya fara fito mata sai ga gudawa. Kwana uku gindinta ya yi jawur, matse-matsinta suka saɓe. Inna ta ce cuta ce ta shiga, kuma maganin da bai yi zafi ba ba ya aiki. Haka kowa ya yarda a lokacin, har ni. Ta kwaɓa kanwa da toka ta shafa mata. Allah kada ya sake jiyar da ni irin wannan ƙara! Ina tsakar gida ina dakan gero, yarinya na tsala ihu har muryarta ta shaƙe, ni kuwa sai ƙara ƙarfin taɓarya nake don kada a ce na ji. Na tsani kaina a ranar, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Washegari fata ta ɗaye, wurin ya zama ɗanye. Inna ta ce cutar ta yi taurin kai, sai wuta. Aka aika wa Namadi wanzami ya zo bayan azahar ya ɗana mata ƙarfe.

Da hantsi aka aike ni kasuwa sayen man miya. Ban san yadda ƙafata ta kai ni rumfar Atu ba. Na tsaya kawai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga nono ya jiƙa mini gaban zane, ta ce, "Ke, mi kika so? Saye ko kallo?"

Na ce, "Gwaggo, wata yarinya ta a gidanmu, ba ta da lahiya."

"Ɗiyar wa?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. Tas! Mari ta ɗauke ni da shi a tsakiyar kasuwa, sai da na ga wuta. "Nac ce ɗiyar wa?" Kuka ya ƙwace mini, na zayyana mata komai, har kanwar, har wanzamin. Ta cika ɗan ƙoƙo da mai ta danƙa mini, ta ce in ɓace mata da gani.

Bayan azahar Namadi ya zo da zabirarsa. Aka kawo garwashi a kasko, ya cusa wani siririn ƙarfe mai ƙotar itace a ciki yana fifitawa. Maigidana, wanda ko yanzu sunansa ba ya fita a bakina, ya zauna a tabarma ya kifa yarinyar a cinyarsa, Inna ta riƙe ƙafafun ta buɗe. Ni ina bakin madafa na juya baya, ƙoƙon man yana ɓoye a ƙuguna, ban iya fito da shi ba. Ina jin ƙarar mafici.

Sai ji muka yi an banke ƙyauren zaure. Ba sallama, ba komai. Atu ce, ta ci ɗamara, muciyar aikinta a hannu. Ta ƙwala wa maigidan kira da sunansa, abin da ko ƙannensa ba sa yi. "Ɗiya ta ko dabba, da za ku yi mata lamba?"

Namadi ya ɗago zai yi magana, ta sauke masa muciya a kan hanci. Jini ya ɓalle har kan rigarsa. Inna ta saki ƙafa ta yi kanta tana zagi, Atu ta hankaɗe ta ta faɗa kan turmi. Maigidan ya ajiye yarinyar a tabarma, ya rarumi ƙotar fartanya ya zabga wa Atu a kafaɗa, ya ƙara a baya, na ji ƙarar kamar ana bugun katifa. Ta durƙusa. Muciyar ta faɗi. Maƙwabta suka fara leƙe ta kan darni, ba wanda ya shigo.

Inna ta tashi tana haki ta danne yarinyar, ta ce wa wanzami, "Yi aikinka! Gidan ɗana na, ba nata ba!" Namadi, jini na zuba a gemunsa, ya zaro ƙarfen daga wuta, bakinsa ja kamar gauta. Ya sunkuya. Saura kamar taƙi ɗaya ya taɓa ta, Atu ta yi tsalle daga durƙushen da take ta cafke ƙarfen da hannun dama. Ta wajen wutar ta kama. Ya ja, ta riƙe. Ya murɗa, ta riƙe. Ƙaurin nama ya cika gidan, ita kuwa ko ihu ba ta yi ba, ni take kallo.

A nan ne bakina ya buɗe. "Ku sake mini ɗiyata! Fatima! Fatimata!" Na ture Inna na sure yarinyar na rungume. Inna ta mare ni, ta kira ni marar kunya, ta ce na zubar da mutuncin gidan ubana. Maigidan ya ɗaga ƙota a kaina, na ce ya buga, wallahi ba zan saki ba. Hannunsa ya tsaya a sama. Namadi ya tattara zabirarsa ya fita yana tsine-tsine.

Atu ta jefar da ƙarfen da fatar tafinta manne a jiki, ta je ta tsoma hannun a randar ruwanmu. Na ce in shafa mata man, ta ce, "Wawuya, ba a sa mai ga ɗanyar ƙuna. Ɗebo ruwan ɗumi." Tana tsaye, hannu cikin randa, gumi na zuba, tana ba ni umarni a gaban kowa. Na wanke kanwar a hankali. Na kwantar da yarinyar a inuwa tsirara har wurin ya bushe. Na lafta man da kauri. Kafin la'asar ta yi barci, barcin da rabonta da shi kwana huɗu. Cikin mako guda fata ta haɗe, ko tabo babu.

Da Atu za ta fita na bi ta zaure, na ce, "Gwaggo, don mi kika yi haka? Ba ki haɗa komai da mu ba."

Ta ce, "Can Kebbe an yi ma nau ɗan hwari. Ina tsaye ina kallon bango. Kwana biyar yay yi, yar rasu." Ta wuce.

Malamin disfensari ya yi wata biyu yana wanke mata hannun yana ɗaurewa. Ƙunar ta warke, amma yatsun suka ƙanƙance suka manne da tafi, ba su sake buɗewa ba. Ta gwada bugun ƙulli da hagu, man ya ƙi tashi. Ta fasa ƙwaryar don haushi. Mai unguwa ya sasanta ta da wanzami, amma maigidana ya yi rantsuwa in na taka gidanta a bakin aurena. Na ji tsoro, ban je ba. Ko tuwo ban aika mata ba, matar da ta ba da hannunta saboda ɗiyata.

Da kaka ta wuce ƙanenta ya zo ya ɗauke ta zuwa Kebbe. Hanyarsu ta bi ta bayan gidanmu. Na ji takun jaki, na ruga bakin darni, na ɗaga Fatima sama da hannu biyu don ta gan ta. Atu ta tsayar da jakin. Ta rame, hannun yana naɗe cikin zane a ƙirjinta. Ta daɗe tana kallon yarinyar. Ina ta haɗa kalmar godiya a bakina, kafin ta fito sai ta daka mini tsawa, "Sauke ta, ƙazama, rana na dukan kanta!" Ta zunguri jakin da diddige.

Na sauke ta. Bayan damina biyu masu jakuna suka kawo labarin rasuwarta, sun ce ƙanenta ne ke ba ta abinci a baki har ƙarshe. Ban taɓa zuwa Kebbe ba, kuma godiyar nan tana nan a bakina har yau.