Ranar da Aka Nemi Diyyar Hadari a Wuyana

Godiya ta tabbata ga Mai kora gizagizai inda Ya so, a lokacin da Ya so, ba tare da Ya duba tikitin kowa ba.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, manomi a Wamakko. Allah Ya hore masa gero da shinkafa, Ya kuma hore masa baki. Tun muna ƙanana aka raba mana hanya, ni aka zaunar da ni a zauren karatu, shi aka sa shi gaba zuwa fadama, kuma har furfura ta cim mana bai daina tambayata abin da karatun ya taɓa tsirarwa ba. Wasan da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ya halasta masa mutuncina, shi kuwa mutum ne da bai yarda halas ta wuce shi ba.

A wata damina ta shekarun nan ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Ganye ya fara nannaɗewa, hankalin manoma ya tashi. Ran nan da hantsi sai ga taubashina a ƙofar gidana da ke unguwar Gidan Dare a Sakkwato, ya diro daga babur, sallamar ma bai cika ta ba.

"Malam, kuna nan cikin inuwa kuna juya takardu, mu geronmu na mutuwa. In anka yi girbi ku aka kai ma dami. To yanzu hwa? Ko sai hatsin ya ƙone kana ku tashi?"

Na ce masa ba a zauren malamai ake ajiye ruwan sama ba. Ya ce ya sani, amma ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ai mu muka ce mun fi kowa sanin ta. Bai bar zauren ba sai da na yi alkawarin yi wa limamai da masu unguwanni magana. Aka sa rana, jama'a suka fita bayan gari cikin tsofaffin tufafi domin sallar roƙon ruwa. Limaminmu ba ya jin daɗin jikinsa, sai aka tura ni gaba. Muka yi raka'a biyu, aka yawaita istigfari, muka juya mayafai kamar yadda sunna ta koyar. Taubashina yana sahun farko, amin ɗinsa ta danne ta kowa. Muka watse, sama tana nan tas kamar an share ta. Daga ranar kullum sai ya kira ni a waya ya tambaye ni ko na tabbata da alwala na ja sallar.

A ƙarshen makon nan ne aka sa ɗaurin auren ɗansa na fari, wanda ke aiki a Abuja, can kuma ya samo matar. Uban yarinyar tsohon ma'aikaci ne mai tsare lokaci da magana. An riga an ɗaga auren sau ɗaya saboda taubashina ya ce ba zai bar shuka ya tafi biki ba, abin ya sosa wa mutanen rai, har uban ya aiko cewa idan aka sake ɗagawa zai ɗauka ba da gaske ake neman 'yarsa ba. Ni aka naɗa wakilin ango. Yaron ya saya mana tikitin jirgin safiyar Asabar, ɗaurin aure kuwa bayan azahar. Na ba da shawarar mu tafi tun ana jibi, taubashina ya ce shi ba zai je ya tare a garin surukai kamar wanda ba shi da gida ba.

Mun shiga ɗakin jiran jirgi ke nan sai gabas ta yi baƙi. Iska ta taso, aka yi wata tsawa da ta sa kowa salati, sannan ruwa ya kece. Na daɗe ban ga irinsa ba. Taubashina ya ruga bakin gilashi da babbar rigarsa mai sitaci, ya ɗaga hannu sama yana hamdala, yana kiran gonakinsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran 'ya'ya. Yana cikin haka lasifika ta yi magana, aka ce jirgin da zai zo daga Abuja ya ɗauke mu ya kasa sauka saboda hadari, ya juya, sai yanayi ya gyaru. Hannuwan nan suka sauko a hankali.

Ashe ya taɓa ji a rediyo cewa fasinjan da aka ɓata wa lokaci yana da hakki a kan kamfanin jirgi. Ya ja hannuna zuwa teburin kamfanin, inda wata ma'aikaciya ke tsaye mutane sun yi mata zobe.

"Ɗiyata, diyya niz zo karɓa. An ce in kunka tsai da mutum kuna biya."

"Baba, haka ne, amma ba a kowane hali ba. Idan laifin daga gare mu ne, kamar jirgi ya lalace ko ma'aikata su makara, akwai hakkinku a kanmu. Idan yanayi ne babu diyya, domin ba mu muka kawo shi ba. Za mu ba ku ruwa da abin taɓawa, mu riƙa sanar da ku halin da ake ciki. In abin ya yi tsawo kuna iya sauya rana ko ku fasa tafiyar."

Tana rufe baki aka miƙo masa gorar ruwa da ɗan biskit. Ya dubi gorar, ya dubi abin da ke zuba a waje.

"Ruwa ya hana ni tahiya, kuma da ruwa za a biya ni? Malam, yi magana mana. Mi littahi yac ce?"

Da na yi shiru da an zauna lafiya. To amma an tambaye ni hukunci a gaban jama'a, ni kuwa na daɗe ina jiran ranar da littafi zai faɗo a kansa. Na gyara murya na ce yarinyar nan ba ta kauce ba. Malamanmu sun rarrabe tsakanin ɓarnar da ta zo ta hannun ɗan Adam da wadda ta sauko daga sama. Wanda aka yi jinga da shi ya kai ka wani gari, idan ya yi sakaci akwai lamuni a kansa, idan kuwa abu ne da babu mai iya tunkuɗe shi, ba a ɗora masa. Na ƙara da cewa matuƙin da ya ƙi sauka cikin wannan hadari godiya ya cancanta, domin tsare rai yana gaba da tsare lokaci.

Taubashina ya dube ni tun daga rawani har takalmi. Sannan ya juya ga ɗakin gaba ɗaya, ya ɗaga murya irin wadda yake kiran 'yan ƙodago da ita daga wancan ƙarshen fadama.

"Jama'a, kun ji an ce kamhwani ba shi da laihi, don ba shi yak kawo ruwa ba. To ni na san wanda yak kawo shi. Ga shi nan tsaye da rawani! Shi yaj ja sallar roƙon ruwa, da idona nig gane shi yana juya mayahi. Bai ce a sauko da shi Lahadi ba, bai ce Litinin ba, ya bar abu sake. Kowa ka neman diyya, ga mai ita nan."

Ɗakin ya kwashe da dariya, irin dariyar mutanen da zama ya gundura suka sami abin yi. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Tudun Wada, wadda ta ce akwai kayan da ke jiran ta a Abuja, ta jawo kujerarta ta zauna a gabanmu, ta gyara gyale ta naɗa kanta alƙali.

"Allah gafarta malam, gaskiya ne ku kuka roƙa?"

"Hajiya, ni da dubban bayin Allah. Mai bayarwa kuma ɗaya ne, ba Ya shawara da kowa."

"Ba wa'azi na tambaya ba. Wa ke gaba?"

"Ni ne."

"To a motar haya ma direba ake kamawa, ba fasinja ba."

Na ga abin yana neman fin ƙarfina, sai na koma ga abin da na iya. Na ce a tambayi mai ƙara wane ne ya zo har zaurena ya hana ni sakat sai an fita sallar. Wanda aka aika, aikinsa na wanda ya aike shi ne, haka hukuncin wakilci yake. Idan akwai diyya, to a bi ta har Wamakko. Hajiya ta juya ga taubashina ta ce ashe ɓarawon ne ke ihun a kama. Ya rantse shi ruwan gona ya nema, bai nemi na filin jirgi ba. Wani daga baya ya ce a raba laifin biyu, ɗaya ya sayi shayi ɗaya ya sayi burodi.

Ana cikin wannan shari'a wayarsa ta yi ƙara. Ɗansa ne. Ban ji abin da yaron ke faɗa ba, amma na ga fuskar uban ta sauya. Da ya sauke wayar sai ya jawo ni gefe, ya yi ƙasa da murya. Baƙi sun cika gidan surukai, uban yarinyar ya ce ana sallame azahar zai zauna a masallaci, idan dangin ango sun zo a ɗaura, idan ba su zo ba shi ya gama magana. Ga ruwa bai nuna alamar tsagaitawa ba, ko yanzu jirgi ya sauka ba mu isa kan lokaci.

"Ɗan kawu, yaron nan ya shekara uku yana bin yarinyar ga. Ni nib ɓata na hwarko. Akwai wata hanya?"

Rabon da ya kira ni ɗan kawu tun rasuwar gwaggo. Hanya kuwa akwai, kuma mai sauƙi ce. Na gaya masa namiji baligi ba ya buƙatar kowa ya karɓa masa aure, yaron yana iya buɗe baki ya ce ya karɓa. Ya dafe ƙirji ya ce ɗansa ya zauna gaban surukai ya karɓi mata da bakinsa, kamar wanda aka tsinta a tasha? Na ce to akwai ta biyu, wadda za ta tsare shari'a ta tsare kunya, amma wanda ake tuhuma ba ya ba da fatawa. Sai an wanke ni a gaban waɗanda aka ɓata ni.

Ya dube ni, na dubi silin. Ya ce lokaci na tafiya, na ce ni ma na lura. Daga ƙarshe ya taka zuwa tsakiyar ɗakin ya tafa hannu.

"Jama'a, na janye ƙara. Malam ba shi da hannu cikin ruwan ga. Tun muna yara nis san shi, addu'a tai ba ta taɓa sauko da ko raɓa ba. Wanga ruwa rahamar Allah ta, albarkacin tsohi da jarirai."

Hajiya ta ce an sallami wanda ake tuhuma. Na tsaya ina juya maganar ta kowace fuska, ban sami inda zan kama shi ba, domin abin da na yi ta faɗa ke nan tun farko, shi dai ya sa masa barkono. Na karɓi wankin haka nan.

Akwai wani tsohon ɗalibina, dattijo ne yanzu, yana koyarwa a Abuja, kuma yana cikin waɗanda aka gayyata. Na kira ango na ce ya same shi ya wakilta shi da bakinsa a gaban mutum biyu. Sannan na nemi a haɗa ni da uban yarinyar, na gaishe shi, na sa wayar kusa da gilashi domin ya ji uzurinmu da kunnensa. Ya ce ruwa ai ba a yi masa fushi, ya karɓi wakilin.

Muka yi azahar a kusurwar ɗakin. Bayan sallama ɗalibina ya kira, ya bar wayarsa a buɗe a cikin masallacin can, mu kuma muka ɗora tamu a kan akwati muka ƙure murya. Fasinjoji suka matso, har da ma'aikaciyar kamfanin. Muka ji an nema, muka ji an bayar, muka ji an karɓa, aka shafa fatiha daga Abuja muka amsa daga Sakkwato. Taubashina ya kwance jakar goro da dabino da ya yi niyyar kai wa surukai, ya miƙa wa Hajiya ta raba.

Can sai yaron ya sake kira, yana son jin muryar ubansa. Ɗan fari ne, ko sunansa uban bai taɓa kamawa ba. Ya karɓi wayar ya kai kunne, ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya tura mini ita ya juya fuskarsa ga bango.

"Gaya mai shi ci abinci."

Na gaya wa yaron. Na kuma ƙara masa da cewa ubansa na nan yana share ido da hannun babbar riga, gaskiya ce kuwa, ban ga dalilin ɓoye ta ba. Taubashina ya fizge wayar.

"Kak ka saurare shi! Sitaci na yash shigam min ido. Kai, Allah Shi yi maku albarka, kai da ita. Ba ni surukin nawa mu gaisa."