Saifuddeen da Shafin Labarin Kwara

Saifuddeen ɗan wana ne, ni da ubansa ciki ɗaya muka fito, don haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ni na goya shi lokacin da nake dawowa hutu daga sakandare. A Kaoje aka haife shi, a gidan da rabin mazansa manoman shinkafa ne, rabi masunta, amma shi bai gaji ko ɗaya ba. Ƙugiya ba ta kama masa kifi, lauje kuma hannunsa yake nema. Boko ya yi, ya samo takardar malanta, ya jira aiki har ya gaji, sannan ya kafa rumfar cajin waya kusa da tasha da wani janareto mai tari kamar tsoho.

A wannan rumfa ya buɗe shafinsa na Fesbuk, ya sa masa suna Labarin Kwara, da sunan babban kogin da ya ratsa ƙasarmu. Bari in faɗi alherinsa tukuna, don ba na cin haƙƙin mutum. Ya samo turke ya kafa a bakin kogi, ya yi masa zane-zane da jan fenti. Kullum bayan sallar asuba zai hau babur ya je ya ɗauki hoton turken, ya rubuta ko ruwa ya hau, ko ya sauka, ko yana nan inda yake jiya. Yana da wani masunci a Dole Kaina, Ɗanmusa, da yake bugawa waya, don ruwan da zai ci mu ta can yake fara wucewa. Ya kuma sa wata manhaja da ke kwaso masa labaran gidajen rediyon Nijar da Benin ta zube masa wuri ɗaya, wata ta juya masa Faransancin. Duk wannan yake tacewa ya ba mu da Hausar da ko tsohuwa za ta gane.

Mutane suka kama shi hannu biyu. Ni da aure ya kai ni Bagudo, gonata kuma tana fadamar Kaoje, sai ya zama idona. Sana'ata gumi ce, ina turara shinkafa in shanya in kai inji, kuma abin da gonar nan ta ba ni shi ne jarin shekarata. Duk safiya kafin in hura wuta sai na duba shafin. Ni ke tura hoton a zauren Wasaf na mata masu gumi, har suna tsokanata. Dela, wadda muke shanya wuri ɗaya, takan ce, "Salamatu, wanga ɗa naki ko gwamna ba a jira kamar shi." In ce mata, "Gwamna yana zuwa bakin ruwa da asuba?"

Da suna ya fita, sai wata ƙungiya ta gayyace shi taron horarwa a Birnin Kebbi. Ya dawo da jaka mai tambari da sabon baki. Komai sai ya ce tsara lokaci. 'Yan kasuwa suka fara ba shi riƙon shafukansu, mai babura, mai shaddar da ake shigowa da ita daga Benin, har da mai maganin basir. Wata rana ya zo gaishe ni, ya miƙo mini waya yana murmushi.

"Goggo, dubi wagga manhaja. Sai in rubuta abin kwanaki in zuba mata, in gaya mata lokaci, ita ta riƙa saki ko ina kwance."

"Kai dai ka samu abokiyar lalaci," na ce.

Muka yi dariya, na zuba masa fura. Tallar shadda na ɗauka yake nufi. Wallahi ko a mafarki ban kawo kogi a raina ba.

Daminar bara shinkafata ta yi kyan da ban taɓa gani ba. Ta sunkuyar da kai, ta fara ja, saura kaɗan ta gama nuna. Duk mai gumi ta san wannan tsaka mai wuya. Ka yanke da wuri, rabi ya tafi a ƙaiƙayi, saura ya kakkarye a inji. Ka jira, kana caca da kogi. Haliru, shugaban masu yankan da nake ɗauka, ya bugo ya ce suna da sarari yanzu, in ba haka ba sai sun gama da wasu gonaki. Muka duba shafin, ni a Bagudo shi a Kaoje. Ga turke, ga ruwa can ƙasa da jan zane, ga rubutu cewa yana nan inda yake jiya, Alhamdu lillahi. Muka ɗaga yankan. Washegari haka, wanshekare haka. Ba ni kaɗai ba, kusan duk maƙwabtan gonata da wannan hoton suka yanke shawara.

Ranar da Haliru ya sake bugowa ya ce ruwa ya shiga gona, ko wanke hannu ban yi ba na hau motar Kaoje. Inda muke bi da ƙafa, da kwalekwale muka shiga. Gonata ta koma tafki, sai kawunan shinkafa jefi-jefi suna leƙowa. Mutane sun shiga ruwa har ƙirji suna lalube da lauje. Ina zaune a cikin kwalekwalen wayata ta yi ƙara. Labarin Kwara ne. Hoton turke a bushe, rana na haska shi, da rubutu a ƙasa: "Ruwa yana nan inda yake jiya, Alhamdu lillahi." Na nuna wa Haliru. Ya juya ya dubi wajen da turken yake, babu ko kansa a waje. Ya ci gaba da tuƙi.

Ashe Saifuddeen ba ya ƙasar ma. Ya tsallaka Benin, ya bi mai shadda har Kwatano ɗaukar hotunan kaya. Kafin ya tafi ya je bakin kogi safiya ɗaya, ya ɗauki turken ta kusurwa daban-daban, ya rubuta na kowace rana ya zuba a manhajar. Ɗanmusa ya yi ta neman layinsa daga Dole Kaina, layin a rufe. Labaran da ɗayar manhajar ke kwasowa sun taru suna ta gargaɗi, babu mai buɗewa.

Da ya dawo na same shi a rumfa, na jira masu karɓar waya suka ragu.

"Ina kat tahi ka bar muna hoto shina yi muna ƙarya?"

"Goggo, ba ƙarya ba ce. Da nit tashi ruwa lahiya lau shike. Kuma ba a barin shafi shiru, in ka yi shiru mutane watsewa sukai. Haka anka koya muna."

"Da ka rubuta ka yi tahiya, kowa ya je ya duba da idonai, mi za ya ci ka?"

Ya sunkuyar da kai yana juya caja a hannu. Na ɗauka kunya ce ta kama shi, har zuciyata ta fara sanyi. Sai ya ɗago ya ce, "Goggo, ki bari mu koma gonar in ɗauke ki hoto cikin ruwan. Masu tallahi na bibiyar shafin, sunanki za ya shiga da wuri."

Na daɗe ina kallon yaron nan da na goya. Na ɗauki mayafina na fita.

A ranar ya goge duk hotunan kwanakin, ya cika shafin da bidiyon ambaliya. Baƙi daga nesa suna ta sa masa albarka, wai shi ne muryar talakan Kaoje. Ubansa ya zo har Bagudo ya ce in yi haƙuri, ruwa na Allah ne. Na ce, "Yaya, ban ce ɗanka ya kawo ruwa ba. Cewa ya yi babu shi, kuma bai duba ba."

Abin da Haliru ya tsamo mini na shanya a tsakar gida. Ya yi baƙi, ya yi tsami, wani ma ya fara tsiro. Na gwada turara kwano ɗaya ko za ta ciwu, warin ya kori yara daga gidan. Wani mai kiwon agwagi daga Zagga ya zo da amalanke ya kwashe. Bana tukunyata ba ta dafa shinkafar gonata ba, ta mutane nake turarawa a biya ni ladan aiki, ni da nake ɗaukar mata aiki. Saifuddeen yana zuwa gaishe ni ranar Juma'a, ina amsawa, don Musulunci ya hana gaba. Daga bakin ƙofa yake juyawa.