Inda Tsuntsayen Baba Suke Yin Ƙwai

Duk shekara idan ruwan kogin Wudil ya ja baya, wasu 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siririn baki sukan sauka suna caccakar taɓo. Mahaifinmu masunci ne, kuma abu ɗaya ya tsaya masa a rai game da su: bai taɓa ganin ƙwansu ba. Ya san sheƙar zalɓe, ya san ta balbela, amma waɗannan da zafi ya kankama sai a neme su a rasa.

Ni na sha wahalar wannan tambaya. Shekara da shekaru ina kutsawa cikin ciyawar gaɓa, ƙaya tana sukata, don dai in kawo masa ƙwai ɗaya ya saka wa kaza ta kwanta a kai, kamar yadda ake yi da na zabi. Ƙanena kuwa ko kwalekwale ya shiga sai ya yi amai. Shi Allah ya ba karatu, har aka tafi da shi can ƙarshen arewacin duniya binciken tsuntsaye.

Ran nan ya kira ta bidiyo, na riƙe wa Baba wayata. Sai ga fili fetal babu bishiya ko ɗaya, sauro kamar hayaƙi. Ƙanen nawa ya durƙusa ya nuna wani ɗan gurbi a ƙasa, ga ƙwai masu dabbare-dabbare.

"Baba, ga ƙwan tsuntsayenka nan. Sai ƙanƙara ta narke suke yi, lokacin fitowar ƙwari, don 'ya'yan su sami abinci. In ƙwarin suka wuce kafin ƙyanƙyasa, yunwa ce ke kashe su."

"Ikon Allah! Ɗauko mini ɗaya, akwai kaza tana kwanci."

"Ai ba a taɓawa, Baba."

Na zaci zai yi faɗa, don da ni ne na ce haka da na ji babu daɗi. Sai ya yi dariya har da hawaye, yana ta sa masa albarka. Wallahi ji na yi kamar in wurga wayar a kogi. Kishi ne ya turnuƙe ni, kuma har yau bai sake ni ba.

Da la'asar Baba ya ja ni wurin abokansa masunta, ina biye da waya a hannu ina nuna hoton ƙwan da ƙanena ya turo.

"Ɗana ne ya gano," in ji Baba.

Wani tsoho ya dube ni ya ce, "Wannan?"

"A'a, wannan riƙe waya yake yi."