Kawu Bawa da Atishawar Gingimari

Duk wanda ya taɓa zama a tashar manyan motoci ta Kaura Namoda ya san cewa da gingimari ta yi "fyaas", daga wani lungu za a ji muryar Kawu Bawa Mai Birki ya ce, "Yarhamukillah." Ko yana kwance ƙarƙashin wata motar, ko da loma a bakinsa, ko yana tsakiyar faɗa da mutum, sai ya dakata ya yi wa mota addu'ar atishawa, sannan ya koma kan faɗansa daga inda ya tsaya. Ku da kuka san shi dariya kawai kuke yi. Ni Lawali, ɗan ƙanwarsa, kuma direban da ya fi kowa gajen haƙuri a tashar nan, ni na san wuyar da na sha a hannunsa.

Abin da yake kira atishawa ba wani abin mamaki ba ne. Birkin babbar mota da iska yake aiki. In ka tayar da inji, kwamfuresa na tura iska cikin tanki. In tanki ya cika, akwai wani ɗan bawul da ke sakin rarar iskar waje da ƙara, ita ce atishawar. Wani bawul ɗin kuma yana ƙarƙashin ƙafar direba: ka taka kaɗan ya ba tayoyi iska kaɗan, ka danne ya buɗe duka, ka ɗaga ƙafa ya fitar da ita birki ya saki. Tsofaffin motocinmu na lokacin kuwa, in iska ta ƙare, birki ya ƙare ke nan, ko da mutum nawa ne a sama. Shi ya sa Kawu ya kafa dokarsa, wadda ba wanda ya ba shi izinin kafawa: motar da ba ta yi atishawa ba, ba ta fita tasha. In ka ƙi ji, sai ya jawo bencinsa ya zauna a gaban motar yana ɓare gyaɗa.

Kayan aikinsa mafi daraja guntun sabulu ne da gwangwanin tumatir. Yakan kaɗa kumfa ya shafa wa kowace mahaɗar tiyo, ya tsuguna ya zura ido. Inda kumfa ta kumbura, nan iska ke zurarewa. Amma a iya sanina Kawu bai taɓa sayen sabulu ba. Na matarsa Inna Hajo yake yanka da reza kaɗan-kaɗan, har ta fara zargin ɓeraye, ta sa aka kawo mata kyanwa daga ƙauyen Banga. Sabulu ya ci gaba da ramewa, kyanwa na ƙiba. Ranar da ta kama shi da rezar a hannu, ta tsaya bakin ƙofa ta tambaye shi ko shi ne ɓeran. Ko kunya bai ji ba.

"Hajo, ke tuhwahi kike wankewa da shi," ya ce. "Ni rayuka nike tsarewa. Ki yi haƙuri da daƙiƙi."

Daga ranar sai ta koma ɓoye sabulun cikin tukunyar daddawa, shi kuma ya yi wata guda yana gyaran birki da kumfa mai warin daddawa.

Lokacin da aka ba mu jihar Zamfara, gari ya rikice da murna. Makaɗa sun fito, motoci sun cika maƙil za a tafi Gusau, har tsofaffi na taka rawa a bakin titin jirgi. Aka nemi Kawu aka rasa. Can na hango ƙafafunsa a ƙarƙashin motata, ya buɗe ɗan famfon gindin tanki yana zubar da baƙin ruwan da ke taruwa a ciki, wanda ya ce shi ke cinye robar bawul. Na durƙusa na ce masa ya fito mana, yau mun samu sabuwar jiha. Ya leƙo da fuska duk baƙin mai, ya ce, "Jiha sabuwa ta, birki tsoho na." Ya koma ciki. Mu ne motar ƙarshe da ta isa Gusau, mun tarar har an fara kwashe kujeru.

Da aka fara shari'a, sai tasha ta samu sabon malami, Malam Sirajo, saurayi mai tsabta da natsuwa, yana yi mana karatu bayan La'asar. Mutumin kirki ne, amma atishawar nan ta tsaya masa a rai. Ya samu Kawu cikin ladabi ya bayyana masa cewa wannan addu'a ta ɗan Adam ce, shi ma sai in ya yi hamdala bayan atishawar, kuma ba a taɓa jin ƙarfe ya yi hamdala ba. Kawu ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne, Allah ya ƙara sani. Bai rufe baki ba wata tirela ta yi "fyaas" a bayansu, ya juya ya ce, "Yarhamukillah." Malam ya naɗe buzunsa ya tafi, ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwar Kawu sai da hannu.

Sai wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi. Na yi lodin buhunan gero, mata da 'yan tireda sun hau sama sun cika, Malam Sirajo kuma yana gidan gaba kusa da ni, zai je ɗaurin aure. Rana ta ɗaga, mai mota ya aiko sau biyu yana tambayar ko na mutu ne. Inji na ta aiki, allurar agogon iska ta hau rabi ta maƙale, atishawa shiru. Na taka birki na ji ya kama, na ce wannan ya ishe ni. Ina sa giya sai ga benci a gabana.

Ranar na yi wa Kawu rashin kunyar da har yau nake jin nauyinta. Na ce masa ya tsufa, ya mai da sana'a camfi, in aka kore ni daga aiki shi zai ciyar da iyalina. Malam ma ya sa baki, ya ce a bar mutane su tafi, tsaro na Allah ne. Abin mamaki, Kawu ya ɗauke bencinsa. Ya sa kowa na sama ya sauko, ya bar Malam a gidan gaba, ya hau ya matse shi a tsakiya, ya ce in ja a hankali nan cikin fili, in taka birki duk lokacin da ya ce.

Na taka na farko, ta tsaya cak. Na kalle shi ina murmushi. Na biyu ta tsaya. Na uku ta yi ɗan ja kafin ta tsaya. Na huɗu ƙafata ta tafi har ƙasa, mota ta ci gaba da tafiyarta a hankali kamar saniyar da ta san hanyar gida. Malam ya fara salati. Na sake takawa, babu komai. Malam ya ɗaga murya, ya riƙe rigar Kawu da hannu biyu, hularsa ta faɗi. Muka bi ta gefen mai shayi, muka ratsa taron awaki, muka shige cikin tulin harawar da wani mutumin Moriki ya kasa, muka nutse har gilashi. Kawu ko gezau bai yi ba, gyaɗarsa yake ɓarewa.

"Nan hili na, Malam, ba tudu ba gangare," ya ce. "Da can gangaren gada ta, da mata talatin bisa kai, taki na huɗu wa za ya ba mu shi?"

Ya kwance bawul ɗin ƙafa a gabanmu ya fito da wata 'yar roba, ba ta fi zoben yatsa ba, ta tsage gefe guda. Ta nan iskar ke gudu, shi ya sa tanki ya kasa cika. Ina kallonta na tuna cikin matan da aka sauke har da mai goyo. Ya sa sabuwa, ya shafa kumfarsa, muka jira. Da ta yi "fyaas" ya yi addu'arsa, ya dubi Malam ya ce shi fa ba ƙarfen yake yi wa ba, mutanen da ke samansa yake yi wa. Malam ya shiga cire harawa daga gemunsa. Amma daga ranar, kafin ya hau kowace mota, sai ya sunkuyo ya tambayi direba a hankali, "Ta yi?"

Bayan Babbar Salla Kawu ya tafi Moriki ganin gida, ciwo ya kama shi, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Saƙo ya iso mana da hantsi cewa za a yi jana'iza bayan Azahar. Duk tasha ta ɗuru cikin motata, kowa na cewa in yi sauri kar a binne shi ba mu. Motar ta kwana biyu ba a tayar ba, tankin iska babu komai. Na tayar da inji na ɗora hannu a kan giya, ni da na fi kowa son in tafi, sai na kasa sawa. Babu benci a gabana, amma na zauna ina kallon allura tana hawa, hawaye na zuba, mutane na buga bodi.

Can ta yi "fyaas". Tasha ta yi tsit, don kowa ya saba da muryar da ke biyo baya, kuma ba ta zo ba. Sai Malam Sirajo, daga kujerar gefena, ya share ido ya ce, "Yarhamukillah." Na sa giya. Mun isa Moriki ana daidaita sahu.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa sabulun Inna Hajo. Yadda ya tsare mu muka riƙa komawa gida lafiya, Allah ya sauke shi lafiya a gidan Aljanna.