An sa magen Kaka azumi

Jama'a, yau na ga ikon Allah! Mage aka sa azumi, ni na sha yunwar.

Tsohuwar magen kakata ce haƙorinta ya ruɓe, ko ɓera ta daina kallo. Na yi bincikena a waya, na kira wani likitan dabbobi a Ɗambatta. Ya ce in kawo ta yau zai cire, amma kar ta ci komai tun daren jiya, don in aka yi mata allurar barci amai zai iya shaƙe ta.

Sau uku na yi wa Kaka bayani. Ta ce, "To, mun ji, likita."

Yau ko karyawa ban yi ba, na sa magen a kwali muka hau mota. Likita na taɓa cikinta sai ga amai! Kindirmo zalla, a rigata!

Ya ce, "Wannan ce mai azumin? Sai wata kasuwar."

Na kira Kaka ina huci. Wai, "Kai ɗan nan, in hana mage abinci in shiga wuta? Kai za ka shigar min?"

Har da tambayar ko baiwar Allahn ta sha ruwa. Ni dai ba wanda ya tambaye ni!