Khala Bakhita, Wadda Ta Nemo Wa Ƙwarya Takarda

Kafin masu sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, su gama kafa tukwanensu a bakin titin Faisal na Alƙahira, Khala Bakhita ta riga ta sauko daga hawa na biyar, ta yafa lafayarta ta tsaya neman mikrobas, ƙaramar motar haya. Tsayawa na ce, amma ba ta iya tsayuwa wuri ɗaya ba. Ta yi gaba, ta dawo, ta leƙa titi, ta sake leƙawa, har direbobi suka haddace ta. "Yalla ya Hajja, shigo kafin ki cinye mana kwalta!" Kwana huɗu a mako tana shara da wanke-wanke a gidajen mutane a unguwar Hay el-Sabi'. Lahadi da Laraba kuwa na ofisoshin gwamnati ne. Haka ta yi fiye da shekara uku.

A Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife ta. Kakanninta daga ƙasar Katsina suka taso za su Makka, hanya ta riƙe su. A bakin kakarta ta ɗauki waƙoƙin daka da na reno da na rakiyar amarya. Da zama ya kawo ta Alƙahira, sai ta tara mata goma sha huɗu, duk Hausawan Sudan, suna kiɗan ƙwarya da rawa a suna da biki. Ita ce zabiya, su ke amshi.

A ƙarshen 2011, wata ranar la'asar suna gwaji a ɗakinta, aka buga ƙofa. Ɗan sanda ne da maigadin bene. Wani maƙwabci ya kai ƙara cewa baƙi suna taro. A lokacin gari bai zauna ba, kowane taro abin tuhuma ne.

"Ina takardar izininku?" in ji ɗan sandan.

Babu. Ya rubuta sunanta, ya ɗauke ƙwarya biyu ya tafi. Washegari mai gida ya aiko cewa in ya sake jin kiɗa, ta kwashe kayanta. Matan nan yawancinsu katin gudun hijira kawai gare su, sai kowacce ta shige ɗakinta ta rufe. Wijdan, wadda ta fi su murya, ta zo ta same ta.

"Khala, mu haƙura mana, khalas, shi ke nan. Ba ƙasarmu ba ce."

"'Ya'yanki fa? A nan aka haife su. Da me za ki yi musu rawa ranar aurensu, da kaset?" Khala ta miƙe tana neman takalminta. "Takarda suke so, takarda zan kawo."

Ofishi na farko aka ce mata baƙo ba ya yi wa ƙungiya rajista. Na biyu aka tura ta wajen masu kula da al'adu. Can aka ce ta kawo sunayen mata duka da hotunansu. Ranar da ta faɗa wa matan haka, uku suka ce ba da su ba. Ta bi su gida-gida, ta zauna da mazajensu, ta sha shayi har ya ishe ta, ta dawo da biyu.

Sai aka ce a kawo waƙoƙin a rubuce, da fassarar Larabci, a ga abin da suke faɗi. Khala ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ta tafi Darrasa, unguwar da ɗaliban addini ke taruwa, tana tare duk ɗalibin da ta ji yana Hausa, har ta dace da Zainulabideen, ɗan Zariya mai karatun fiƙihu. Shi da bakinsa ya ba mu labarin.

"Na ce mata, 'Inna, ma'alish, ki yi haƙuri, ni ɗalibin ilimi ne, ban shiga sha'anin kiɗa.' Ta ce, 'Ban ce ka yi rawa ba, ɗana. Saurara ka rubuta. In ka ji saɓo, ka ajiye biron.' Nan gefen masu littattafai ta soma wata waƙar reno ƙasa-ƙasa. Wallahi ita ce wadda mahaifiyata take yi wa ƙannena, har da inda take jan numfashi."

Waƙa talatin da ɗaya ya rubuta mata.

A 2013 aka canza ma'aikatan ofishin, takardunta suka yi ɓatan dabo. Ta soma daga farko. Kafin nan Amna mai guɗa ta rasu, wasu sun samu tafiya ƙasashen waje, mata sun koma tara. Gwiwoyin Khala suka fara kumbura saboda hawan bene da tsayuwar layi. Gwaji kuwa bai tsaya ba: a kan matashin kai suke kiɗa da tafin hannu, don kada maƙwabta su ji.

Ke ce, Khala, wadda aka ce wa "gobe" sau ba adadi, kuma goben ta yi kika koma. Zabiya uwar amshi. Wanda bai san ki ba sai ya ɗauka fitina ce da ke, mu kuwa mun san abin da ya hana ki zama.

A ƙarshen 2014 wani ɗan kwamitin kula da al'adu ya kalli wasansu, ya yarda wata cibiyar al'adu ta unguwa ta ɗauke su a ƙarƙashinta. Aka buga takarda, aka miƙo mata. Ta ce a karanta mata tukuna. Ma'aikacin ya karanta: "Ƙungiyar raye-rayen Afirka."

"Afirka wa? Kakata ba da Afirka ta yi mini waƙa ba. Rubuta Hausa."

"Ya Hajja, in na taɓa kalma ɗaya, sai ta sake zagaya kowane tebur."

"Ta zagaya."

Ta tura masa takardar ta fito. Matan suka yi fushi da ita sosai, Wijdan ta yi wata guda ba ta gaishe ta ba. Ita kanta Khala ta ce a wata biyar ɗin da aka yi ana jira abinci ba ya yi mata daɗi, tana ta tunanin ko ta zubar da wahalar shekara uku saboda kalma ɗaya.

A watan Afrilun bana, 2015, takardar ta fito da kalmar a jikinta. Ba rajista ba ce, ba tallafi a ciki. Ɗaki ne guda, kowace Talata daga azahar zuwa la'asar, da damar hawa dandalin cibiyar. Ranar da suka hau, Khala ba ta iya miƙewa ta taka ba. A kujera ta zauna, ta ɗaga baitin farko, da aka amsa sai ta yi wa Wijdan nuni da haɓa ta ci gaba. Tun ranar Khala ta ce ta sauka daga matsayin zabiya.

Mun gode, Khala Bakhita. Allah Ya ba gwiwoyin nan lafiya, Ya saka miki da abin da ba mu iya ba.

Sauran magana tamu ce. Izinin na shekara ɗaya ne, Afrilu mai zuwa sai an sabunta shi, kuma likita ya hana Khala hawan bene. Mai murya ta je ranar Talata ta yi amshi. Mai alƙalami ya je, akwai waƙoƙin da ba a rubuta ba tukuna. Mai ƙafa kuma ya je ya tambaye ta lambar tagar ofishin da ake fara tsayawa. Ta ce a zo da wuri, layin yana cika kafin ƙarfe takwas.