Saƙon da Ban Rubuta wa Kawu Ba

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke abin da wata waya ta yi mini. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

A lokacin ina sayar da hatsi a kasuwar Ƙaura Namoda. Ƙaramar wayata mai maɓalli ta faɗo daga aljihu muna sauke kaya, mota ta bi ta kanta. Abokan sana'a suka ce dama lokaci ya yi da zan riƙe babba ta shafawa, in riƙa tura wa masu saye hoton gero da dawa. Na sayi ta hannu, fes da ita a ido.

Tun makon farko ta fara nuna hali. Da safe caji a cike, kafin azahar ta mutu. In hannuna da gumi ko ƙurar buhu, sai in yi ta shafa ta ƙi motsi. In kuma na jefa ta aljihu sai ta kama aiki da kanta, ta kira wanda ban kira ba. Mai gyara ya ce gilashin ne ba na asali ba, in lallaɓa ta. Na yi ta lallaɓawa, ina ganin abin dariya ne.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni a Dauran, garinmu da ke ƙasar Zurmi, bayan rasuwar mahaifina. Mutum ne da ba ya roƙo, ba ya kai kuka wurin kowa. Bai taɓa kirana a waya ba, ni ke kira, don a wurinsa babba ba ya neman yaro.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina cikin awo, wayar ta yi ƙara. Na ciro na ga sunan Kawu. Na shafa, ta ƙi. Na goge hannu a riga na sake, ta ƙi. Tana ta kuka a tafin hannuna ina kallon sunansa, sai wani rubutun Turanci ya gilma, kiran ya yanke. Ya sake kira, aka maimaita haka. Daga nan fuskarta ta yi baƙi, ta mutu.

Sai da yamma na karɓo ta daga wurin mai caji. Na kira, ba ta shiga. Washegari ma haka. Na ɗora laifin a kan sabis ɗin garinmu da kowa ya san halinsa. Lambar Inna, matarsa, ta tafi da tsohuwar waya, hanyar Zurmi kuma a kwanakin ba lafiya, direbobi ba su tashi sai sun ji labari. Na ce wa kaina in da matsala za a sake nemana.

Ba a sake nemana ba. Sai da mako ya kusa zagayowa wani mai babur ɗan garinmu ya gan ni a rumfa, ya tsaya.

"Kai kana nan? Kawunka fa jiki ya yi tsanani."

Da sassafe na kama hanya. Na tarar da Inna a ƙofar ɗaki tana dama kunu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Ka ƙare aikin?"

"Wane aiki, Inna?"

A nan ta ba ni labari. Ranar da Kawu ya kira, ya tashi hannunsa ya yi nauyi, harshensa ma haka. Maƙwabta sun shigo duba shi, sai ya ce a miƙo masa waya, akwai maganar da yake son faɗa mini da bakinsa. Kiran ya yanke, saƙo ya shigo. Kawu ba ya karanta boko, sai ya miƙa wa wani malamin firamare da ke cikin masu dubiya. Malamin ya duba ya so ya kauce, Kawu ya matsa masa, sai ya fassara.

"Ya ce ba shi iya magana yanzu, shina cikin aiki."

Inna ta ce sai Kawu ya ce, "To, ku bar shi da aikinai. Kada wanda ya ƙara kiranai." Ya kashe wayarsa, ya tura ƙarƙashin matashi. Kashegari ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya rufe.

Na shiga na durƙusa a gefen gadonsa. Ya rame, bakinsa ya karkace. Na ciro wayar, ina son in nuna masa yadda take yi, ta ƙi ko buɗewa.

"Kawu, wallahi ba ni na rubuta ba. Ka san ban iya Turanci ba. Ita ta aika da kanta."

Ya kalle ni ya daɗe. Hawaye na bin idonsa ɗaya, na ɗauka ya ji ni. Daga baya Inna ta ce tun da ciwon ya same shi idon nan haka yake zuba.

Na zauna ina jinyarsa. Wani lokaci ya karɓi kunu daga hannuna, wani lokaci ya rufe baki sai Inna ta karɓa. Ban san ko fushi ba ne ko ciwo. A haka ya rasu, ban ji maganar da ya so faɗa mini ba, ban kuma san ko ya yafe mini ba.

Bayan na koma Ƙaura mai gyara ya nuna mini cewa wayar na da saƙonnin da aka riga aka rubuta a ciki, yatsa na zamewa sai ta aika. Ya nuna mini yana murmushi, kamar ƙaramin abu.

Abin da na koya shi ne, in wanda bai saba nemanka ba ya neme ka, kada ka zauna jiran waya ta gyaru ko sabis ya dawo. Ka rufe rumfa, ka tafi da ƙafarka tun yana iya magana.